Gilashin da Aka Binne a Gonar Nababa

"Ba za a tono shi ba," in ji Dogo. "Abin da aka sa a ƙasa da bisimilla ba a komawa a ƙwaƙulo shi kamar rogo."

"Yaya, ni ban ce a tono ba," in ji Nababa. "Cewa na yi ko da za a tono, ban riƙe daidai wurin ba."

"To me ya kawo maganar wurin?"

"Malam ne ya tambaya."

Malam ɗin kuwa yana gefen tabarma a zaure, ya cire hula yana fifita da ita. Sunansa Isyaku, malamin asibiti ne daga birni, shi ke yi wa Likita tafinta. Motar gyaɗa ta sauke shi a Bagwai, ya ari keke ya biyo hanyar gonaki yana tambaya gida-gida har ya same mu a bakin kogin Watari. An ba shi fura, ya sha rabi, rigima ta hana shi ƙarasawa.

Ni ina tsaye a ƙofar da ta shiga cikin gida, ƙafa ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida, don ni aka ɗora wa kai magana ga Hure da dawo da tata. Hure matar Nababa ce, Dogo wanta ne, ni kuma gwaggonsu ce su biyun, ƙanwar ubansu. Aikin kai magana kuwa ban taɓa ƙin sa ba tun ina da haƙora.

Bari in koma baya, don kada ku ruɗe kamar yadda muka ruɗe.

Abin ya faro ne da ɗan kumburi a muƙamuƙin Hure na dama, can wajen turame, kamar ta ɓoye goro a kunci. Ba zafi, ba zazzaɓi. Muka ce hangum ne. Hangum yakan tafi, wannan bai tafi ba. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, jini ya fita, kumburi ya zauna abinsa. Da ya kai ƙwan zabo sai mata suka riƙa zuwa sayen ƙuli-ƙuli wurinta, ba don ƙuli-ƙulin ba. Wata ta ce jifa ne. Wata ta ce a wani suna a garin Kunci aka ba ta a tuwo. Duk na kawo wa Hure labarin, don bai kamata a yi da mutum a gari shi bai sani ba.

Da haƙora biyu suka fara girgiɗi, tauna ta gagara, sai Nababa ya ce a tafi birni. Lokacin bazara ce, saura kaɗan Turawa su tattara nasu su tafi. Muka hau mota mu uku, ni a matsayin 'yar rakiya.

Likitan Bature ne mai jan kunne. Ya danna kumburin da yatsa, abin ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka ɓawon ƙwai, ya ɗaga gira. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga wa fitila, muka ga muƙamuƙin Hure ciki duk ƙwai-ƙwai kamar kumfar sabulu. Daga nan ya ɗauko allura mai kauri ya soka ta cikin baki, ya zuƙo wani abu ruwa-ruwa da ɗan nama a ciki, bai kai ƙwayar gero ba. Ya shafa a kan wani ɗan gilashi mai tsawon yatsa, ya tsoma shi a ruwan shuni, ya sake tsoma shi a jan ruwa. Na raɗa wa Hure cewa ashe marini muka zo gani. Ta so ta yi dariya, baki ya hana. Aka ce mu dawo gobe.

Da yamma a masaukinmu sai ga Dogo. Dillalin shanu ne, ya kawo kaya kara, kasuwar dabbobi, ya ji muna gari. Aka ba shi labari tun daga hoto har allura. Ya ce, "Naman fa?"

"Wane nama?" in ji Nababa.

"Naman ƙanwata da aka ɗiba. Yana ina?"

"Yana gilashi."

"Ka bar wa Bature?"

Nababa ya ce ai ɗan mitsitsi ne. Dogo ya ce cibiyar jariri nawa take, amma ana binne ta? Wanzami in ya yi kaciya, jefar da abin yake yi wa kaji? Ko farce ka yanke ai ka tura ƙasa a kai. Ya ce ranar tashi kowa da gaɓoɓinsa zai tashi, ita kuma Hure sai ta tsaya tambayar hanyar asibiti tana neman sauran muƙamuƙinta. Ya ce balle ma ba wanda ya san hannun da abin zai faɗa, mai son yi wa mutum sammu da gashi ɗaya ma yana yi, ina ga nama. Ni dai na ce gaskiya ne, don gaskiyar ce, kuma ina son in ga yadda Nababa zai tunkari Bature da wannan magana.

Bai tunkare shi ba. Nababa mutum ne mai kunyar baki, ko ɗan akuya zai saya sai ya aika.

Washegari Likita ya zaunar da mu, yana faɗa Malam Isyaku yana juyawa. Ya ce tun mutum yana ciki akwai wani nama a muƙamuƙi wanda aikinsa gina haƙora, kamar magina. In sun gama sai su watse. To wani lokaci akan sami waɗanda ba su watse ba, su kwanta a cikin ƙashi shekara da shekaru, ran nan kawai su farka su kama gini ba wanda ya sa su, ba su kuma san abin da suke ginawa ba. Na ce to a sallame su mana. Malam Isyaku bai juya wannan ba.

Likita ya ce abin iri biyu yake zato. Ko dai jakar ruwa ce kawai, a buɗe a kankare ta, Hure ta koma gida da muƙamuƙinta. Ko kuwa irin mai cin ƙashi ne, wanda in an kankare yakan dawo ya fi da, shi kuma sai an yanke ƙashin wannan gefen. Ya ce irin wannan ciwo ba kasafai ake ganinsa ba, shi kansa kaɗan ya taɓa gani, kuma ba zai sa wuƙa a fuskar mace da zato ba. Zai aika gilashin Badun, can ƙasar Yarabawa, wurin wani likita da ba shi da aiki sai leƙen gilashi.

Na ce ko zan iya leƙawa ni ma. Ya yi dariya ya matsa mini. Abin leƙen kamar 'yar butar ƙarfe mai dogon wuya. Na rufe ido ɗaya, da fari ban ga komai ba sai gashin idona. Ya murɗa wani abu. Sai ga wani gari shuɗi-shuɗi, ja-ja, abubuwa tsaye a jere kafaɗa da kafaɗa kamar karan darni, a tsakiyarsu kuma kamar gizo ya yi saƙa. Likita ya ce wannan jerin shi ne ya hana shi barci. Na ce duk wannan a bakin Hure yake? Ya ce e. Na ce shi ya sa take da magana. Na daɗe ina leƙe, ya zare gilashin ya sa mini wani don in ga bambanci, ban ga bambancin komai ba, amma na ce na gani.

Sai da muka sauka a Bagwai Nababa ya taɓa aljihu ya ce wa Dogo, "Yaya, an samo." Dogo ya sa masa albarka. Nababa ya naɗe gilashin a farin ƙyalle ba wanda ya gani, ya fita da sassafe shi kaɗai ya binne a gonarsa, bai sa alama ba don kada wani mugu ya gane wurin. Ruwa ya sauka, aka yi huɗa, aka shuka gyaɗa a kai. Mu kuma muka zauna jiran amsa daga Badun. Wallahi jira muke yi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa abin da za a aika Badun ɗin shi ne a ƙarƙashin gyaɗa. Nababa ya ɗauka Likita ya riga ya gani, ganin ne zai aika.

To kun ji abin da ya kawo Malam Isyaku, lokacin gyaɗa ta fara fure, kumburin Hure kuma ya kai lemo, ba ta shan komai sai kunu.

"Ku fahimce ni," in ji Malam Isyaku. "Ba ƙara aka kawo ba. Likita ya juye ofis yana nema, har ya zargi mai shara. Ni ne na tuna ku kaɗai kuka tsaya kusa da teburin. Ƙarshen watan nan zai tafi hutu ƙasarsu, wanda zai zauna a madadinsa ba ya aikin muƙamuƙi. In ba a karanta gilashin nan ba, ba mai taɓa ta."

"Ni tun farko ban yarda da maganar ba," in ji Dogo. "Shekarata nawa ina buɗe bakin shanu? Saniya in ta gama famfara ta gama. Ban taɓa ganin tsohuwar saniya ta koma yin haƙori ba. Hure da 'ya'ya huɗu a ce maginan haƙori ne?"

"Ba haƙori take yi ba."

"Kai ka ce naman haƙori ne."

"Naman da ke yin haƙori."

"To ina haƙorin?"

Malam Isyaku ya dube ni kamar zan cece shi. Na shige cikin gida.

Hure tana bakin ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Maganarta ta koma kamar mai ruwa a baki. Ta ce, "Gwaggo, me suka ce?"

"Wanki ya ce ke ba saniya ba ce. Ko kuwa ya ce ke saniya ce, ban dai riƙe ba."

"Amsar Badun fa?"

"Tana gona."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce in tambayo mata ko kankarewa za a yi ko yankewa. Na ce to. Kafin in koma zaure na leƙa ta kan darni na gaya wa Safiyatu maƙwabciyarmu kaɗan daga ciki, na ce kada ta faɗa wa kowa.

Na dawo na tarar Malam Isyaku yana cewa, "Ko ɗayan ma ku ba ni. Mai shi yana kwance yana jira."

"Wane ɗayan?" in ji Dogo.

"Gilashi biyu ne suka ɓata."

Nababa ya kama tsintar zare a bakin rigarsa.

"Nababa," in ji Dogo.

"Yaya, biyu ne a kan teburin. Gwaggo ta leƙa wannan, ta leƙa wancan. Duk shuɗi ne. Na ce in na ɗauki ɗaya ya zama ba shi ba ne fa? Sai na haɗa."

"Na wane ne ɗayan?"

"Wani tsohon soja ne," in ji Malam Isyaku. "Ƙari ne da shi a wuya."

"Namiji?"

"Soja dai."

Dogo ya juya ga Nababa a hankali. "Rami ɗaya?"

"Ƙyalle ɗaya," in ji Nababa, da ƙyar aka ji shi.

Na ce, "To, damina guda suna tare, ai sun saba."

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya miƙe, kansa har yana taɓa azara. Ya ce a ɗauko fartanya yanzun nan, ba za a ƙara kwana da ƙanwarsa, matar aure, naɗe a ƙyalle ɗaya da wani ƙato da ba a san asalinsa ba. Nababa kuma, wanda ɗazu bai ƙi tonon ba, ya ce shi ba za a tono ba, abin da aka binne da bisimilla ai Yaya ne ya ce ba a ƙwaƙulowa, kuma in aka fita da rana tsaka gari zai ji. Dogo ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba. Malam Isyaku ya ce ya faɗa. Dogo ya ce baƙo ba ya shiga maganar gida. Na yi tambayar Hure, ko kankarewa ko yankewa, ba wanda ya ji ni.

Gari kuwa ya riga ya ji. Mu nan gona jikin gona take, gida jikin gida, in ka yi tari a naka maƙwabci ya ce maka sannu. Kafin mu isa gonar Nababa, mutane sun tsaya a kan iyaka kamar ana rabon gado. Wani ya ce tulun kuɗi ake nema. Wani ya ce Bature ne ya binne asiri. Safiyatu, Allah ya shirye ta, da ta jiyo rigimar zaure ta kan darni, ta riga ta ce an kama soja a gonar Nababa.

Nababa ya ce daidai inuwar ɗorawa ne. Aka tumɓuke kunya uku, ba komai. Ya ce to da safe ne ya binne, inuwar tana wancan gefen. Aka koma wancan gefen. Ya ce yana jin ya fi kusa da gamba. Gyaɗa tana ta zubewa da furenta, Nababa yana kallo kamar ana cire masa gashin gemu. Maƙwabcinsa Iliyasu ya ce in aka ƙetare gamban nan shi ma zai ɗauko tasa fartanyar, ba don tono ba. Ni ina zaune a gindin ɗorawar ina ba da shawara.

Can fartanyar Dogo ta yi ƙas. Ya durƙusa ya tona da hannu. Ƙyallen babu shi, gara ta cinye, ta cinye har 'yan takardun da aka manna a kan gilasan masu lamba. Sai gilashi biyu manne da juna da laka, na saman fartanya ta raba shi biyu.

Malam Isyaku ya karɓa ya goge da bakin riga, ya ɗaga wa rana. Ya juya, ya sake ɗagawa. Ya ce ruwa ya shiga, shunin ya cakuɗe, ƙasa ta cika ciki.

"Wanne ne na Hure?" in ji Dogo.

"Ban sani ba."

"Ba kai ne malamin ba?"

"Da lamba nake ganewa."

Dogo ya karɓe su. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya shinshina kowanne. Ya ce fasasshen ya fi duhu, na namiji ne. Nababa ya ce shi a ganinsa fasasshen ne ya fi kama da Hure. Aka miƙo mini tun da ni na leƙa. Na ce ba tare da butar ba ba na ganin darni.

Muka dawo zaure da gilasan a cikin ƙoƙo, Dogo ya sa kara a tsakaninsu. Malam Isyaku ya ce ba zai ɓoye mana ba, waɗannan ko an kai Badun dariya za a yi. Shi sojan yana asibiti, za a sake ɗiban nasa. Hure ma sai an sake sa allura. Ya ce motar da ta kawo shi za ta juya bayan la'asar, in an shirya ta yanzu za a same ta, in kuwa aka bari Likita ya tafi, sai bayan kaka, kuma kowa yana ganin yadda abin ke ƙaruwa.

"A sake ɗiban wani?" in ji Dogo. "Waɗannan da ke hannunmu ba mu san nata ba, a ƙara da na uku, a kai Badun. Wa zai je Badun ya karɓo? Nababa? Ya dawo mana da Bayarabe?"

"Yaya, ni fa umarninka na bi."

"Na ce ka haɗo da soja?"

"Ni dai a bari a cire gyaɗa tukuna," in ji Nababa. "Abin da ya rage."

"Kafin nan a raba waɗannan. Nata a bayan ɗakinta, nasa a kai can bakin rafi."

"In aka yi kuskure fa? Soja a bayan ɗakina, matata a bakin rafi?"

"To a kira Liman."

"Liman da lamba zai gane?"

Malam Isyaku ya ce la'asar fa tana matsowa. Dogo ya ce masa ya ƙarasa furarsa.

Na koma ciki in kai rahoto, ina tsara yadda zan fara, don labarin ya yi rassa da yawa. Na tarar Hure a tsaye. Ta ɗaura zanen fita, ta ƙulla ɗan ƙunshi, ta damƙa wa babbar 'yarta tukunyar kunu.

"Gwaggo, kin tambayo?"

"Na tambaya."

"Kankarewa ko yankewa?"

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na ce, "Ba wanda ya sani, 'yar nan."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in ɗauko takalmina in ina zuwa. Ta nufi zaure, ni ina bayanta ina cewa akwai baƙo, akwai maza, ta tsaya in yi mata iso. Hure da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka zauren nan da rana ba. Ta shiga. Mayafin ma ba ta rufe kumburin da shi ba. Malam Isyaku ya sunkuyar da kai. Dogo yana riƙe da ƙoƙon, bakinsa a buɗe, maganar Liman ba ta gama fita ba.

"Ina za ki?" in ji Nababa.

Ta tsaya ta dubi ƙoƙon. Maganar ta fito da ƙyar, amma kowa ya ji.

"Yaya, wannan ku riƙe, ku raba yadda kuka ga dama, ba ya ƙaruwa. Na bakina ne yake ƙaruwa. Malam, mota ba ta jira."

"Hure," in ji Dogo, "ba a gama magana ba."

Ta tsallake ƙafar keken Malam Isyaku, ta ja ƙyauren zauren, ta fita, ta maido shi da ƙarfin da ƙasa ta zubo daga azara cikin furar Malam.